Ka Karanta Mata Yadda Na Rubuta

Anse Marron, tsibirin Petite Claire
12 ga Agusta

'Yar'uwa Eulalie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da fatan keken ɗinki bai ƙarasa miki baya ba a can Trinidad. Mu nan lafiya lau. Matata Clarice tana gaishe ki, kumburin ƙafarta ya sace. Mahaifiyarki Tanti Zabette tana nan da ƙarfinta, jiya ma da ludayi ta kore ni daga bakin murhunta don na ce gishiri ya yi yawa a romon kifi. Wasiƙarki ta watan jiya na karanta mata sau uku kamar yadda na saba, har da wurin da kika ce kada ta bar ni in tsinki mangwaronta. Ita ta yi dariya, ni ban yi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lokacin guguwa ya kama, kuma alamun bana ba su yi mini daɗi ba. Kaguwa sun fara barin bakin ruwa suna hawa tudu da rana tsaka. Teku ya kwanta lif kamar mai a kasko, ga wani zafi da ba ya barin mutum ya yi numfashi. Kofur ɗan sanda ya ce rediyon ofishinsu ya ambaci wata iska da ke haɗuwa can gabas. Gari duk ya tashi, ba ka jin komai sai ƙarar guduma. Mata suna ta gasa gurasar rogo suna cika tuluna, maza suna sauke kwakwa daga bisa kafin iska ta sauke mana ita a ka.

Na yi abu biyu, kuma na fi so ki ji daga bakina kafin ki ji daga na wani. Na ɗaya, na nutsar da kwale-kwalen marigayi babanki. Na ja shi cikin kurmin fadama, na cire toshiyarsa, na loda masa duwatsu, ya kwanta a ƙasan ruwa inda iska ba za ta same shi ba. Kin san haka ake yi, in ta wuce a kwashe duwatsu a ɗago shi. Na biyu, na jefa igiya huɗu a kan rufin gidan Tanti na ɗaure su a turaku.

Akwai na uku, shi ne ya gagare ni. Ina so in ɗauko Tanti ta dawo wurinmu a kan tudu har lokacin ya wuce. Gidanta taku arba'in ne daga ruwa, na auna da ƙafata. Ta ce mini, "Alwyn, ko kafinta ne kai ko Gwamna, ba na motsawa sai Eulalie ta ce." To ki rubuto ki ce.

Ɗan'uwanki,
Alwyn

San Fernando
18 ga Agusta

Alwyn,

Na samu takardarka. Ina lafiya, bayana ma lafiya, ka gaida Clarice. Ka ce wa Mama na aiko mata man zafi da yadi huɗu ta hannun Miss Verlyn, kuma yadin huɗu ne, in ya isa uku ina so in sani.

Ka makara, na riga na ji daga bakin wani. Miss Verlyn ta zo da ayabarta kasuwa ranar Talata, tun kafin ta sauke kaya ta ce, "Ke Eulalie, jirgin ubanki fa ya ɓace daga bakin ruwa, kuma an ga Alwyn yana auna filin uwarki da ƙafa." Sai ga wasiƙarka tana cewa taku arba'in. Tun yaushe ake auna ƙasa don a ceci tsohuwa?

Bari in faɗa maka abin da na sani, don kada ka ɗauka shekara tara a birni ta mantar da ni. Kakana da kakanka wa da ƙani ne, filin bakin ruwa na dangi ne. Wanda gidansa ke tsaye a kai, hayaƙi na tashi daga murhunsa, shi ke da wurin. Ran da gidan ya faɗi wuri ya koma hannun dangi, kuma dangin da ya rage a tsibirin kai ne. Ban manta ba, ranar da aka binne Papa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe a takalmanka ba ka ce wa Mama wurin zai yi kyau da rumfar sassaƙar jirgi. Ina tsaye a bayanka da farantin kofi.

Kai ma ka san gidan katako ba ya faɗuwa sai an bar shi shi kaɗai. A babbar guguwar nan ina shekara bakwai, ina ƙarƙashin tebur, da idona na ga Papa yana zagaya ɗaki, yana rufe tagar da iska ke bugu yana buɗe ta ɗaya gefen don gidan ya samu numfashi. In iska ta juya shi ma ya juya. Gidaje goma sha ɗaya suka faɗi a layinmu, duk na waɗanda suka kulle suka gudu coci. Namu ya tsaya. Yanzu kai kana so a kulle shi a bar shi, ka ce don tausayi ne.

Nan rana ake yi ƙwal, babu wanda ya ambaci wata iska. Ka bar Mama a gidanta. Kwale-kwalen kuma ina so a ɗago shi Miss Verlyn ta gan shi da idonta.

Eulalie

Anse Marron
27 ga Agusta

'Yar'uwa Eulalie,

Gaisuwa. Muna lafiya. Yadi huɗu ne ya iso, na sa Clarice ta auna a gaban shaidu biyu da akuya ɗaya, ko da za ki kai mu kotu.

To, ki yi murna, iskar ta bi ta arewa. Ruwa muka samu na yini biyu, ya jiƙa masara, ya tafi da kajin Mista Dolphus guda uku, shi ke nan. Amma dole in faɗa miki, kafin wasiƙarki ta iso, ranar da Kofur ya ɗaga jar tuta, na lallaba Tanti ta zo wurinmu ta yi kwana biyu. Ba ɗaukarta na yi ba, da ƙafarta ta hau, tana zagina tun daga gindin tudu har ƙofa. Da gari ya washe ta koma, gidanta na nan, murhunta na nan, ko cokali bai ɓata ba. Na san yanzu za ki ce gwaji na yi.

Maganar ranar jana'iza, na faɗa, ban musa ba. Bakina ya riga hankalina, kuma har gobe wurin zai yi kyau da rumfar sassaƙa, don nan ne kaɗai gangaren ke sauka sumul har cikin ruwa. Son wuri daban, Eulalie, kashe gida daban. Shekara tara ni ke canza mata kwanon da ya yi tsatsa, ni ke kwashe mata yashi daga bakin ƙofa. Da faɗuwar gidan nake nema, ai sai in daina zuwa kawai.

Na karanta mata wasiƙarki daga farko har ƙarshe, har da farantin kofi. Ta ce, "Yarinyar nan bakin uwata ta ɗauko." Ta ce kuma in rubuta miki wannan, ga shi yadda ta faɗa: "Eulalie, ki daina yi wa Alwyn haushi kamar karen kasuwa. Man zafin ya yi kyau. Ki ci abinci."

Kwale-kwalen ba zan ɗago shi ba tukuna. Ɗago shi aikin mutum takwas ne da tulun giya, kuma lokacin bai wuce ba, sai ƙarshen Oktoba. In Verlyn na son ganinsa ta tuɓe ta nutse, zan riƙe mata hula.

Abu ɗaya game da babanki, Allah Ya ji ƙansa. Waccan guguwar ta bayan dutse ta sauko, iska ce zalla, shi ya sa buɗe taga ya yi amfani. Ni ba iska nake tsoro ba. A shekara taran da ba kya nan teku ya ci bakin gaɓa, itacen da kuke shanya a kai yanzu saiwarsa a ruwa take. In ruwa ya tashi babu tagar da za a buɗe masa.

Alwyn

San Fernando
3 ga Satumba

Alwyn,

Ina lafiya. Ina fata Mama ta warke daga hawan tudun da ba ta nema ba.

Ka ga abin da nake faɗa? Ka tayar da gari, ka nutsar da jirgi, ka fitar da tsohuwa daga gidanta, guguwar taka ta ƙare a kan kaji uku. Ta gaba kuma in ta zo, ka riga ka koya wa Mama hanyar gidanka.

Akwai abin da ya daɗe yana cina, yau zan faɗa. Mama ba ta karatu, ba ta rubutu. Duk abin da na ce mata ta bakinka yake bi, duk abin da ta ce mini ta hannunka yake fitowa. Shekara tara ke nan ban ji muryar uwata ba sai da rubutunka. Ta ina zan san ita ce ta ce in daina yi maka haushi? Ta ina zan san ka karanta mata maganar taga? Wa ya sani ko abin da kake karanta mata shi ne, Eulalie ta ce ki ba Alwyn filin? Ina zaune nan ina ɗinka wa matan mutane riguna, ina tunanin wannan har allura ta soke ni, jini ya ɓata mini farin yadi.

Ba na jin daɗin zarginka. Tare muka tsinci kodi a bakin ruwan nan muna yara. Amma ni kaɗai ta haifa, kuma abin da Papa ya bari ke nan, ɗaki biyu da murhu. In ya tafi, ran da na dawo ina zan sauke akwatina?

Daga yau duk wasiƙar da na rubuta wa Mama a gaban Miss Verlyn za ka karanta. Ba ta iya karatu ba ita ma, amma ta iya kallon fuska.

Eulalie

Anse Marron
9 ga Satumba

Eulalie,

Muna lafiya zuwa yanzu. A tsaye nake rubutun nan a kan ganga, Kyaftin Osbert mai jirgin da ke kai wasiƙunmu yana jira.

Maganar da kika faɗa mini ta yi mini zafi, amma ba yau zan amsa ta ba. Wata iskar tana tahowa, kuma wannan ba irin waccan ba ce. Tun jiya igiyoyin ruwa ke zuwa daga kudu maso gabas, dogaye, a hankali, ba tare da ko ɗigon iska ba. Tsofaffin masunta sun daina barkwanci. Fada, limamin cocinmu, ya sa an kwashe bencuna an share coci, ya ce duk na bakin ruwa su hau. An busa ƙaho an kira jiragen da ke waje. Mutanen layin Tanti sun fara ɗaure kaya, ban da Mista Dolphus da ya ce shi ma zai tsaya wa tagoginsa.

Tanti ta ƙi. Ta ce, "Na bi ka sau ɗaya ka mai da ni abin dariya, 'yata kuma ta yi fushi. Ba na ƙara taka tudun nan sai na ji daga Eulalie." Na ce zan ɗauke ta a kafaɗa, ta ɗauko adda ta ajiye kusa da kujerarta.

Osbert ya ce zai yi zuwa ɗaya ya dawo, daga nan sai ya ɓoye jirginsa. Verlyn tana ciki. Ki zage ni shafi goma in kina so, amma ki rubuta wa uwarki layi ɗaya ki ce ta hau. Filin kuma na rantse da kabarin ubana ba zan kafa ko turke a kai ba.

Alwyn

San Fernando
12 ga Satumba

Alwyn, wannan ba taka ba ce. Ta Mama ce. Miss Verlyn ta ji abin da ke ciki, na karanta mata sau biyu kafin in liƙe, kuma za ta tsaya a kanka. Ka karanta mata yadda na rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage.

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ina lafiya, ina cin abinci, kada ki damu.

Mama, na tambaya a nan. Mai gidan da nake haya yana da rediyo, ya ce iskar arewa za ta bi kamar waccan. Sama a nan fes take. Alwyn ya tsorata ki sau ɗaya ya ga ya yi nasara, shi ya sa ya dawo da labarin da ya fi na farko girma. Wanda bai nufi komai ba, me ya kai shi rantsuwa da kabarin ubansa tun ba a tambaye shi ba?

Kada ki fita daga gidan nan. Ko Fada ne ya zo da kansa ki ce masa 'yarki ta hana. In iska ta zo ki yi yadda Papa ya yi, ki rufe gefen da take bugu ki buɗe ɗayan, ki zauna kusa da ginshiƙin tsakiya. Gidan ya ga wadda ta fi wannan. In kin bar shi yini ɗaya ya faɗi, ba mu da wurin da za mu kira namu a Petite Claire, ke da ni duka, sai dai mu zauna a bayan kicin ɗin Clarice muna godiya.

Ki riƙe mini gidan, Mama. Da Kirsimeti zan zo in Allah Ya yarda.

'Yarki,
Eulalie

San Fernando
21 ga Satumba

Alwyn,

Ban san ko wannan za ta same ka ba. Na ba wani mai jirgin gwamnati da ke kai shinkafa da barguna.

Kwana shida ke nan ina zuwa bakin tashar jiragen ruwa kullum. Babu Osbert, babu Verlyn, babu wanda ya fito daga wajenku. An ce iskar ba ta bi arewa ba. An ce ruwa ya shiga Anse Marron har kasuwar kifi. Wani matuƙi ya ce ya wuce ta nesa bai ga rufi ko ɗaya a layin bakin ruwa ba, na ce ƙarya yake.

Alwyn, ka karanta mata? Don Allah ka gaya mini. Na kasa ɗinki, na kasa cin abinci. Na san abin da na rubuta, kowace kalma tana nan a kaina. Ko mene ne ka rubuto, kada ka ɓoye mini, kada ka yi mini a hankali.

Eulalie

Anse Marron
2 ga Oktoba

'Yar'uwa Eulalie,

Tanti tana da rai. Tana nan zaune a gabana tana ɓare wake, tana cewa Clarice ba ta iya hura wuta ba. Ki zauna ki sha ruwa, sannan ki karanta sauran.

Mu ma muna lafiya, rabin rufinmu ne ya tafi. Jirgin Osbert ya karye, shi ya sa ba ki ji daga gare mu ba. Takardarki ta ashirin da ɗaya jiya ta iso. Kin ce kada in ɓoye miki, to ba zan ɓoye ba.

Osbert ya shigo ranar sha huɗu da hantsi, da ƙyar. Verlyn ta sauko fuskarta kamar toka, ba ta ko tsaya neman kwandunanta ba, ta ce, "Mu je, ga takardar." Muka tarar da Tanti a kan kujerarta, adda a gefe, kumfar ruwa tana zuwa har gindin matakala tana komawa. Duk layin ya watse, sai ita da Mista Dolphus can gaba yana gwada sakatar tagoginsa.

Na buɗe na bi ta da ido tukuna. Eulalie, ban taɓa jin tsoron takarda ba sai ranar. Tanti ta ce, "Ka yi shiru. Mutuwa ta yi?"

Na ce, "A'a, rubutunta ne kamar kaza ta taka tawada."

Ta ce, "To karanta."

Na karanta gaisuwar yadda take, da cin abincin. Daga nan na bar takardarki na kama tawa. Na ce, Mama, na tambaya a nan, an ce wannan iskar babba ce, ki bi ɗan'uwana Alwyn ki hau coci yanzu yanzu.

Tanti ta karkata kai ta ce, "Ɗan'uwana Alwyn? Eulalie ce ta rubuta haka?"

Gumi ya karyo mini. Na kai takardar kusa da ido na ce, "Af, na tsallake layi. Ta ce, ki bi wannan mai kan kwakwar, amma ki ƙirga cokulanki kafin ki fita, kuma in ya taɓa filin zan ci mutuncinsa a gaban coci."

Ta ce, "Yawwa, yanzu na ji muryarta." Amma ba ta tashi ba. Ta juya wajen Verlyn ta ce, "Ke aka aiko ki tsaya a kansa. Haka ta ce?"

Kin san Verlyn, tun da aka haife ta magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba, kuma ba ta ƙaunata ko kaɗan. Na riga na sallama. Ta dube ni, ta dubi ruwan da ta kwana biyu a kansa, sannan ta ce, "Haka ta ce, Tanti. A gabana ta rubuta. Har kuka ta yi."

Tanti ta miƙe. Ta ce sai ta buɗe tagogin gefen tudu kafin ta fita, don gidan ya samu numfashi, muka tsaya ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki hoton babanki da tukunyar ƙarfe, cokulan ma ta ƙirga. Na je na roƙi Mista Dolphus, ya ce shi ubansa bai gudu ba.

Washegari da safe guguwar ta iso. Ba zan ba ki labarin yinin nan ba, mutum ɗari biyu a coci, yara na ihu, kwano na yawo a sama kamar ganye. Wajen azahar ta ɗan lafa muka leƙa ta ƙofa. Layin bakin ruwa babu shi, ruwa ne kawai yana juya katako. Mista Dolphus sai bayan kwana uku aka same shi a kurmin fadama, ranar da muka je duba kwale-kwalen babanki. Mu muka binne shi.

Gidan ya tafi, har duwatsun da yake zaune a kai. Filin ma ya tafi. Inda murhun Tanti yake, yanzu ko ruwa ya janye yana kai mini gwiwa. Ba ni da wurin rumfa, ba ki da wurin akwati, sai ki nemi wani abin da za ki zarge ni a kai.

Kin tambaye ni ta ina za ki san abin da nake karanta mata. Ga amsar da na ce zan ba ki. Shekara tara ban taɓa canza miki kalma ɗaya ba, har zagin da kike yi mini da bakina nake karanta shi, ita tana dariya. Sau ɗaya na yi miki ƙarya, ranar sha huɗu, kuma ban yi nadama ba. Ina jin haushinki har yanzu, ba zan ce ba na ji ba.

Abin da ya rage shi ne Tanti ba ta sani ba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce, "'Yata ce ta fitar da ni. Tana can Trinidad ta hango abin da mu da ke nan ba mu gani ba." Ta faɗa wa Fada, ta faɗa wa Kofur, ta faɗa wa matar da ta kawo barguna. Takardarki kuma ta karɓe daga hannuna ta naɗe a ƙyalle ta sa a ƙirjinta, ta ce da ita za a binne ta. Jikar Mista Dolphus ta iya karatu, ta taɓa cewa a kawo ta sake karanta mata, Verlyn ta aike ta ɗebo ruwa.

Ba ni zan gaya mata ba. In ke kina so ta sani, ki rubuto, zan karanta yadda kika rubuta.

Ta ce in gaya miki ki ci abinci.

Ɗan'uwanki,
Alwyn

San Fernando
10 ga Oktoba

Ɗan'uwa Alwyn,

Na samu. Ina lafiya yanzu. Ka gaida Clarice, ka ce mata na gode da ɗakin. Ka gaida Verlyn, ban san abin da zan ce mata ba tukuna.

Na karanta takardarka a bakin tasha na zauna a ƙasa, mutane suna kewaye ni. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. Na fara rubuta wa Mama gaskiya sau huɗu ina yagawa. Ba don in tsira da mutuncina ba ne kaɗai, ko da yake har da shi, ba zan yi maka ƙarya ba. Na kasa samun yadda zan ce mata abin da take ɗauke da shi a ƙirji shi ne ya so ya kashe ta.

Ba zan jira Kirsimeti ba, jirgin farko zan biyo. In akwai mai gaya mata, ni ce, da bakina, ina durƙushe a gabanta. Kafin nan kada ka bar kowa ya buɗe ƙyallen.

Ga 'yar takarda a ciki ta Mama, gaisuwa ce kawai. Ka bi ta da ido tukuna kafin ka karanta mata. In ka ga inda na yi kuskure, ka gyara.

'Yar'uwarka,
Eulalie